Daga Igwar Dankali zuwa Bindigar Toka: Matsayin Bindigar Ƙirar Gida a Dokar Nijeriya

Laccar da aka gabatar ga taron iyaye, maƙera, mafarauta da matasan Yankara da kewaye

 



Tambayar da zan yi magana a kanta ita ce: idan yaro ya samu bututun roba, ya haɗa abin da ke harba dankali ko dutse da ƙara, bindiga ya ƙera a idon doka ko abin wasa? Na san wani zai ce, a garin da ake kwana da ido ɗaya saboda masu AK-47, ina ruwanmu da wasan yara? Ruwanmu shi ne, ma'aunin da alƙali zai auna wannan bututu da shi, da shi ne zai auna bindigar tokar da ke jingine a zauren maharbi, da wadda maƙeri ya gyara ta koma cin harsashi, da wadda ɗan banga ke rataye da ita a bakin gari. Wanda ya gane hukuncin ƙaramar ya gane na babbar.

Mece ce igwar dankali?

A Turai da Amurka akwai wasan da samari suka daɗe suna yi. Sukan sami bututun roba irin na famfo, su cusa dankalin Turawa ta bakinsa, sannan su tunkuɗo shi waje, ko da iskar da aka matse, ko da wani abu mai kamawa da wuta da ake kunnawa a bayansa. Dankalin yakan fita da ƙara ya yi tafiya mai nisa.

Mu ma muna da danginta. Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san bindigar kara da ta laka, waɗanda ba sa cutar kowa. Ya san ta ashana, mai ƙara kawai. Ya kuma san gwangwanin da yara ke zuba wa kabaid ɗin masu walda, murfin ya yi sama kamar an harba. A Malesiya da Indonesiya yaran Musulmi suna da igwar gora da suke bugawa a watan azumi da ƙaramar salla. A Filifin akwai ta roba da ake kira boga, wadda hukuma ta haramta tun 2006 saboda raunukan da take jawowa. A watan Oktoban 2025, lokacin bikin Diwali, an kwantar da yara fiye da ɗari a asibitocin jihar Madhya Pradesh ta Indiya saboda bindigar kabaid, wasunsu sun rasa ganinsu. A wayoyi suka ga yadda ake yi, kuma wayar da ke hannun yaron Indiya irinta ce ke hannun yaron Yankara.

Masana kimiyya suna auna ƙarfin abin da aka harba da ma'aunin da ake kira jul. Dankali mai nauyin giram 100, idan ya fita da gudun mita 50 a daƙiƙa, wato kilomita 180 a awa, yana ɗauke da jul 125. Ku riƙe wannan adadi, domin yanzu za mu buƙace shi.

Yadda wasu ƙasashe suka yanke

A Amurka, hukumar tarayya mai kula da makamai tana ganin igwar dankali ba bindiga ba ce matuƙar dankali ake harbawa don nishaɗi. Da zarar an mai da ita makami, ko an ɗura mata abu mai fashewa ko mai ci da wuta, hukunci ya canza. Wasu jihohi da biranen ƙasar kuma suna da nasu dokokin da suka fi tsanani. A Jamus, wadda ake kunna wa wuta ana lissafa ta cikin bindigogi, kuma ƙera ta ba izini laifi ne. Kanada ta sa iyaka biyu ga abin da ke buƙatar lasisi: gudun mita 152.4 a daƙiƙa da ƙarfin jul 5.7. Ingila kuwa, a gyaran doka na 2017, ta ce makami mai bututu da ƙarfin harbinsa ya wuce jul 1 ya shiga sahun masu iya kisa. Dankalinmu na ɗazu ya ninka wannan iyaka sau 125.

Na kawo Ingila ne da gangan, domin daga can muka gaji lafazin dokarmu. Su sun koma sun sa masa adadi. Mu har yanzu muna nan da lafazin yadda aka bar mana shi.

Abin da dokar Nijeriya ta kira bindiga

Babbar dokar da ke magana a kan wannan ita ce Dokar Bindigogi ta 1959, wadda aka yi shekara guda kafin samun 'yancin kai, yanzu kuma tana Babi na F28 a kundin dokokin tarayya na 2004. A wurinta, bindiga ita ce duk wani makami mai bututu, kowane iri ne, mai iya kisa, wanda za a iya harba harsashi ko ƙwaya ko wani abin jifa ta cikinsa. Ta ƙara da cewa kowane sashe na jikin irin wannan makami shi ma bindiga ne.

Sharuɗɗa uku ke nan: bututu, harbawa, da iya kisa. Ku lura da abin da ba ta ambata ba. Ba ta ce sai bututun ƙarfe ba. Ba ta ce sai da albarushi ba. Ba ta ce sai wadda ta fito daga masana'anta ba. Ba ta kuma tambayi niyyar mai riƙe da ita ba. Abin da makamin zai iya aikatawa kaɗai take kallo. Igwar dankali ta cika sharaɗi na farko da na biyu ba gardama. Shari'ar duka tana kan na uku, kuma da yake dokar ba ta sa adadi ba, alƙali ne zai yanke bisa shaidar da aka kawo masa, musamman ta masanin makamai. Wajibi ne mai gabatar da ƙara ya tabbatar da abu uku: an samu abin a hannun wanda ake tuhuma, abin bindiga ne a ma'anar doka, kuma ba shi da lasisi.

Aji uku

Dokar ta kasa bindigogi gida uku, kowane aji da mai ba da izininsa da hukuncinsa.

Aji na farko shi ne na haramtattu: manyan igwoyi, rokoki, bama-bamai da gurneti, bindigogi masu sarrafa kansu, bindigogin soja irin su AK-47, da kowace irin ƙaramar bindigar hannu, ko da ƙirar maƙera ce. Shugaban ƙasa kaɗai ke ba da lasisinsu. Wanda aka kama da ɗaya ba izini, mafi ƙarancin hukuncinsa ɗaurin shekara 10.

Aji na biyu shi ne na bindigogin amfanin kai: bindigar farauta mai baki ɗaya ko biyu wadda ake karyawa a sa harsashi, raifal ɗin farauta, da bindigar iska. Lasisinsu yana hannun Sufeto Janar na 'yan sanda, hukuncin rashin lasisi kuma ɗaurin da bai wuce shekara 5 ba. A nan akwai abin da mutane da yawa ba su sani ba: bindigar farauta mai na'urar sake ɗura kanta, irin wadda ake ja a harba a sake ja, an cire ta daga wannan aji. Dokar ta kuma ce ba a ba da lasisi ga wanda bai kai shekara 17 ba, ko mai taɓin hankali, ko mai raunin gani, ko mashayi, ko wanda aka hukunta da laifin tashin hankali cikin shekara 5 da suka wuce.

Aji na uku shi ne na waɗanda ake ɗurawa ta baki: bindigar toka da 'yan'uwanta biyu, mai tashi da dutsen ƙyastu da mai tashi da ƙyas. Sashe na 5 ya bar lamarinsu ga Kwamishinan 'yan sandan jiha. Bayan ya shawarci gwamna, yana iya ba da umarnin cewa ba mai riƙe su sai da lasisin hukumar da ya ayyana. Hukuncin saɓa wannan a dokar 1959 tarar naira 1,000 ce, ko ɗaurin shekara 2, ko duka biyun.

Sai wani layi ɗaya a ƙarshen jerin aji na farko, wanda shi ne ƙashin bayan wannan lacca. Layin ya ce duk wata bindiga da ba a ambata a aji na biyu ko na uku ba, ta shiga cikin haramtattu.

Ina igwar dankali ta faɗa?

Dokar ba ta ambaci igwar dankali da suna ba, haka ma bindigar kabaid. Saboda haka ga yadda nake karanta lamarin. Idan mai gabatar da ƙara ya kasa nuna cewa abin yana iya kisa, to ba bindiga ba ne a ƙarƙashin wannan doka, an gama. Gwangwanin da ke ƙara kawai, ba ya harba komai, yana nan a wannan ɓangare. Idan kuwa ya nuna yana iya kisa, sai a nemi ajinsa. Wadda ke aiki da matsattsiyar iska, lauya zai iya cewa bindigar iska ce, aji na biyu. Wadda ake kunna wa wuta kuwa ba bindigar farauta ba ce, ba ta iska ba ce, kuma duk da cewa ta baki ake ɗura ta, ba ta cikin ukun da aka lissafa a aji na uku. Abin da ya rage mata shi ne wancan layi na ƙarshe.

Ma'anar wannan ita ce, a kan takarda, bututun roba da saurayi ya haɗa don burge abokai yana iya jawo masa hukunci irin na mai AK-47, wanda ya fi na bindigar tokar kakansa nauyi nesa ba kusa ba. Ba na jin waɗanda suka rubuta dokar a 1959 sun yi nufin haka, amma abin da suka rubuta ke nan, kuma rubutun ake karantawa a kotu.

Akwai doka ta biyu da ba a raba ta da ta farko: Dokar Fashi da Makamai ta 1984, da aka yi a zamanin mulkin soja. Ma'anar bindiga a cikinta ta ambaci igwa ƙarara, ta kuma ce ko a haɗe take ko a warwatse. Ta tanadi tarar naira 20,000, ko ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba, ko duka biyun, ga duk wanda ya riƙe bindiga saɓanin dokar 1959 ko wani umarni da aka bayar a ƙarƙashinta. Kenan ko mai bindigar toka bai tsira da tarar naira 1,000 ba idan da wannan dokar aka tuhume shi. Ta kuma ce fashi ba da makami ba ɗaurin shekara 21 ne aƙalla, fashi da bindiga ko da wani makamin cutarwa kuma hukuncinsa kisa. Makamin cutarwa a wurinta ya haɗa da kwari da baka, mashi, adda, wuƙa, kulki, har da guntun itace ko ƙarfe ko dutse. Don haka matashin da ya tare hanyar Funtuwa zuwa Tsafe da dare da bututu a hannu, ya karɓe wayar matafiyi, kada ya sa ran cewa kalmar "ai abin wasa ne" za ta fitar da shi.

Me ya sa aka sassauta wa bindigar toka?

Bindiga ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan. Mai Idris Alooma na Borno yana da mayaƙa masu bindiga tun ƙarni na 16. Tarihin Kano ya nuna an shigo da bindigogi daga Nupe a zamanin Sarki Kumbari, 1731 zuwa 1743, kuma Babba Zaki, 1768 zuwa 1776, shi ne ya fara ajiye 'yan bindiga a fada. Jikokin wannan al'ada su ne muke jin harbinsu a hawan salla a Katsina da Kano da Zazzau.

A 1890 ƙasashen Turai suka yi yarjejeniya a Brussels cewa ba za a sayar wa mutanen mafi yawan yankin Afirka bindigogin zamani ba, amma an yarda a sayar musu da tsofaffin da ake ɗurawa ta baki, da albarushin kasuwa. Hikimarsu a fili take: wadda ake harbawa sau ɗaya a tsaya ɗuri ta isa kashe gada da gyado, ba ta isa ta kori mai mulki ba. Shekara 13 bayan haka, a 1903, aka ga sakamakon lokacin da Turawa suka ci Kano da Sakkwato da yaƙi. Rabon aji uku na dokar 1959 gadon wannan tunani ne. Sassaucin da aka yi wa bindigar toka saboda rauninta aka yi shi. Duk ranar da aka cire mata wannan rauni, sassaucin ya tafi.

Maƙeri da doka

Wannan ya kawo mu ga iyayenmu maƙera da 'yan'uwanmu masu walda. Sashe na 22 ya hana kowa ƙera bindiga ko harsashi, ko haɗa su, ko gyara su, sai a ma'ajiyar makamai ta gwamnati ko masana'antar soja. Hukuncinsa shekara 10 aƙalla. Amma dokar ta bar ƙofa biyu. Sufeto Janar yana iya ba mutum izinin sana'ar gyaran bindigogin aji na biyu. Yana kuma iya ba shi, da amincewar gwamnan jiha, izinin ƙera da gyaran bindigogin aji na uku, tare da ajiye rajistar masu wannan izini. Kenan ƙirar bindigar toka sana'a ce da doka ta san da ita. Abin da ta nema shi ne takarda.

Inda ake faɗawa rami shi ne wajen "inganta" ta. Idan maƙeri ya sauya bindigar toka ta koma cin harsashin kwanso ta baya, ta bar aji na uku. Idan ya yi mata gidan harsasai tana harbi a jere, ta kai aji na farko. Idan ya ƙera gajeriya da ake sokewa a ƙugu, ita ma aji na farko ce. Dokar ta kuma hana rage tsawon bututun bindigar farauta ya gaza inci 20. Wanda kuwa aka kawo wa AK-47 ya gyara mata kunama, ba shi da wata ƙofa ko kaɗan, kuma ya sani a ransa cewa galibi ba manomi ne ke kawo irin wannan gyara ba. Tun da sashe ɗaya na bindiga ma bindiga ne a doka, bututu ko kunamar da aka samu a maƙera sun isa tuhuma.

Kare kai da maganar gwamnoni

Ba zan tsaya a gabanku in yi kamar ban san dalilin da ya sa mutane ke neman bindiga ba. A watan Yunin 2020 an kashe mutane da dama a Kadisau, nan ƙasar Faskari. A ranar 11 ga Disamban shekarar aka kwashe ɗaliban makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, aka sako 344 bayan kusan mako guda. A 2021 aka hana motocin haya bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, aka dakatar da cinikin dabbobi a kasuwanninmu, aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, har da Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara. Sashe na 14 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce tsaro da walwalar jama'a su ne babban dalilin kafa gwamnati. Sashe na 33 kuma ya amince da kare kai da dukiya daga zalunci.

Amma 'yancin kare kai daban, lasisin bindiga daban. Mutum yana iya kuɓuta daga tuhumar kisa saboda kare kansa ya yi, a kuma kama shi da laifin riƙe makamin da ya kare kan nasa da shi. A watan Agustan 2021 Gwamna Aminu Bello Masari ya yi kira ga jama'ar Katsina su nemi makami su kare kansu. A watan Yunin 2022 Gwamna Bello Matawalle ya yi irin wannan kira a Zamfara, sai 'yan sanda suka ce ba a ɗage dakatar da ba da lasisi ba. A watan Agustan 2023 muƙaddashin Sufeto Janar Kayode Egbetokun ya sake sanar da dakatar da ba da lasisin ƙananan makamai a duk ƙasa. Dalilin wannan saɓani shi ne, makamai da harsasai da abubuwan fashewa su ne abu na biyu a jerin lamuran da gwamnatin tarayya kaɗai ke da ikon yi wa doka. Jawabin gwamna a rediyo ba takarda ba ce da za ka miƙa wa alƙali.

Ko a fagen daga ma, lissafin bai goyi bayan kowa ya tashi gaban kansa ba. Mai bindigar toka yakan harba sau ɗaya ya tsaya ɗuri, alhali gidan harsashin AK-47 yana cin 30. A watan Fabrairun 2023 'yan sa-kai daga ƙauyukan Bakori suka bi sawun shanun da aka sace, aka yi musu kwanton ɓauna a dajin Yargoje a ƙasar Ƙanƙara, 'yan sanda suka tabbatar da rasuwar 41. Allah ya jiƙansu. Kuma dole mu faɗa wa kanmu gaskiya cewa inda aka ɗauki doka a hannu, aka kashe mutum a kasuwa saboda ƙabilarsa, ramuwar gayya ce ta biyo baya a kan waɗanda ba su ji ba ba su gani ba. Hanyar da ta fi kusa da doka ita ce wadda aka buɗe a watan Oktoban 2023, lokacin da Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma ta jiha da matasa 1,466 daga ƙananan hukumomin da abin ya fi shafa: an tantance su, an horar da su, an san sunan kowa da wanda zai ba shi umarni.

Abin da Shari'a ta ce a kan wasan yara

Malamanmu da ke nan sun fi ni sanin cewa Musulunci ya riga dokar 1959 magana a kan wannan. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abdullahi bin Mugaffal cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya hana wasan harbi da tsakuwa, dalilin da aka bayar kuma shi ne ba ya amfani a farauta ko a yaƙi, abin da yake yi kawai shi ne raunata ido da haƙori. Ya kuma hana mutum ya nuna ɗan'uwansa da makami, ko da wasa ne. A fiƙihu, diyyar ido ɗaya rabin diyyar rai ce. A mazhabarmu ta Malikiyya, abin da yaro ya aikata ana ɗaukarsa kuskure, amma diyya mai nauyi irin wannan tana faɗawa kan danginsa. Kundin hukunta laifuka na Arewa ma ya ce yaron da bai kai shekara 7 ba ba a kama shi da laifi, daga 7 zuwa 12 kuma sai an duba hankalinsa. Yaro yana iya tsira daga kurkuku, amma idon ɗan maƙwabci ba ya dawowa, kuma gaba tsakanin gida biyu takan daɗe fiye da ɗauri.

Akwai kuma wani haɗari da ya keɓanta da garuruwa irin namu. Ƙarar kabaid da dare a Yankara ba a jin ta a matsayin wasa. Mata za su kwashi yara su yi daji, mai hawan jini ya faɗi, jami'in da ke bakin aiki kuma ya hango mutum da dogon bututu cikin duhu, ba shi da lokacin tambayar ko na roba ne.

Shawarwari

Ga iyaye da malaman makaranta: duk abin da ke da bututu kuma yana harba wani abu, a raba yaro da shi. Yaron da ya iya haɗa irin wannan yana da basira, a kai shi wajen gyaran injin ban-ruwa ko haɗa sola. Masu walda kuma su daina ba yara kabaid.

Ga maƙera: ku haɗu a ƙungiyance, ta hannun hakimai da dagatai, ku nemi izinin da doka ta tanadar. Ku tsaya a kan aji na uku. Ku riƙa rubuta sunan wanda kuka yi wa aiki da garinsu, kuma kada ku yi wa wanda mai unguwarsa bai san shi ba.

Ga mafarauta da 'yan banga: kowa ya san ajin abin da ke hannunsa. A yi rajista da ofishin 'yan sanda na yanki, a yi aiki ƙarƙashin jagorancin hukuma, wanda aka kama kuma a miƙa shi da ransa.

Ga gwamnatin jiha da rundunar 'yan sanda: a fito fili a bayyana, da Hausa, a rediyo da masallatai, wane umarni ne ke aiki a jihar Katsina a ƙarƙashin sashe na 5, wa ke ba da lasisin bindigar toka, a ina, kuma nawa ne. Yarjejeniyar ECOWAS kan ƙananan makamai, da aka sa wa hannu a Abuja a 2006, ta buƙaci a lissafa masu ƙera makamai na cikin gida a yi musu rajista. Cibiyar ƙasa mai yaƙi da yaɗuwar ƙananan makamai, da aka kafa a 2021 kuma dokar 2024 ta ba ta gindin zama, tana da hurumin taimakawa. Maƙerin da ke cikin rajista ana iya sa masa ido. Wanda tsoro ya kora bayan gari, mai kuɗin fansa ne zai same shi.

Ga wakilanmu a Majalisar Tarayya: a gyara dokar 1959. A sa adadin ƙarfin harbi da zai raba abin wasa da makami, kamar yadda wasu ƙasashe suka yi. A sake duba wancan layi na ƙarshe, domin kada a auna saurayi mai bututun roba da mudu ɗaya da mai safarar makamai. A kuma daidaita tarar da aka rubuta lokacin da naira 1,000 take da daraja.

Kafin a yi waɗannan gyare-gyare, dokar da ke nan ita ke aiki a kanmu, kuma rashin sanin ta ba ya zama uzuri a kotu. Ina roƙon duk wanda ya halarci wannan zama ya isar da bayanin aji ukun nan ga mutanen unguwarsa, musamman matasa da masu sana'ar ƙarfe.

Allah ya kawo mana ƙarshen wannan fitina, ya mai da manomanmu gonakinsu lafiya, ya shirya mana zuriya, ya ba shugabanninmu ikon yin adalci.